Rini da zanen tufa: launi ya kama, jiki ya tsira

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu lokaci ne na neman sana'ar rani. Cikin sana'o'in da mata da samari ke kamawa akwai rini da zanen tufa. Sana'a ce mai riba, amma tana da sharuɗɗa. Wani zai sayi launi da tsada, ya yini yana aiki, wanki ɗaya launin ya bi ruwa. Wani kuma launinsa zai kama, amma hannunsa ya tsattsage, ko ɗansa ya sha abin da bai kamata ba. A yau za mu yi bayani a kan yadda za a kauce wa waɗannan asarori biyu.

Rini ba baƙo ba ne a gare mu

Tun kaka da kakanni muna da marina. Ana noma baba, a haɗa shi da toka cikin rami, a rina zane ya fito shuɗi ko baƙi wuluk. Muna kuma da namu siliki, wato tsamiya. Wata tsutsa ce ke saƙa gidanta a kan itace. Ana dafa gidan da ruwan toka, a kaɗa shi ya zama zare, a yi wa babbar riga aiki da shi.

Silikin kanti kuwa asalinsa ƙasar Sin ne. Can ake kiwon tsutsar da ke yin sa. Gidan tsutsa guda yakan ba da zare ɗaya mai tsawon da ya kai mita 900. Har yau ƙasar Sin ce ta fi kowa yin siliki, sai Indiya.

Launin kanti ya zo daga baya. A shekarar 1856 wani saurayi a Ingila, mai suna William Perkin, ya haɗa launi na farko da ba daga itace ko ƙwaro ya fito ba. A 1897 aka fara sayar da shunin masana'anta a Jamus. Tun daga nan launin kanti ya cika kasuwanni.

Galura daban, fenti daban

Launin da ake sa wa tufa iri biyu ne. Wanda bai bambanta su ba zai yi asara.

Na farko shi ne galura. Galura tana shiga cikin zare ne, kamar yadda lalle ke shiga fata. In ta kama, tufa ba ta yin ƙarfi, tana nan da laushinta. Amma kowace galura da irin zaren da take kamawa. Yawancinta kuma tana bukatar gishiri, ko soda, ko tsami, ko zafi kafin ta zauna.

Na biyu shi ne fentin tufa. Ruwa ne cikin kwalba ko ƴar roba. A cikinsa akwai garin launi mai laushi da wani danƙo. Shi ba ya shiga cikin zare, a kansa yake zama. Danƙon ne ke manne launin. Zafin dutsen guga kuma shi ke sa danƙon ya kama har abada. Saboda haka fentin da ba a goge ba, wanki zai tafi da shi.

Amfanin fentin tufa shi ne ba ya bukatar soda, ba ya bukatar wuta, ba ya cin ruwa da yawa. Ya dace da zanen fure a kan ɗankwali, mayafi, rigar yaro ko rigar matashin kai. Amma bai dace da rina turmi sukutum ba. In an labta shi da yawa, tufa takan yi ƙarfi kamar fata.

Ku lura: fentin ƙofa da na bango ba na tufa ba ne. Yana tsagewa, yana wari, wani ma akwai gubar dalma a cikinsa. Ku duba rubutun kwalba kafin ku biya. In da Faransanci ne, kalmar "tissu" tana nufin tufa, "coton" auduga, "soie" kuma siliki.

Ku san tufa kafin ku sayi launi

Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane. Aikin farko shi ne sanin irin zaren da ke hannunku. Ba duk abin da ke sheƙi ne siliki ba. Da yawan abin da ake kira siliki a kasuwa zaren roba ne.

Ga gwaji mai sauƙi. Ku zare ƴan zarurruka daga bakin tufa. Ku riƙe su da awartaki, ku sa musu ashana, da ruwa kusa da ku.

1. Auduga tana ci da sauri. Warinta kamar na takarda. Tokarta mai laushi ce.
2. Siliki na gaske yana ci sannu, in an janye wuta sai ya mutu. Warinsa kamar na gashin da ya ƙone. Yana barin baƙin ƙulluttu da ke murtsukewa tsakanin yatsu.
3. Zaren roba yana narkewa kamar leda. Yana barin ƙulluttu mai tauri da ba ya murtsukewa.

Ga amfanin wannan gwaji. Auduga daga tsiro take, tana jure soda. Siliki daga jikin dabba yake, kamar gashi. Soda mai ƙarfi tana cin sa, ya rasa sheƙinsa, ya ruɓe. Shi ɗan tsami yake so, kamar na lemun tsami. Zaren roba kuwa galurar auduga ba ta kama shi ko kaɗan. Fenti yakan zauna a kansa, amma guga mai zafi ƙwarai tana narkar da shi.

Yadda ake aiki da fentin tufa

1. Ku wanke tufar da sabulu, ku ɗauraye, ku shanya. Sabuwar tufa tana da sitati, shi kuwa yana hana launi kamawa.
2. Ku goge ta, ku shimfiɗa a kan allo ko tebur. Ku sa kwali a ƙarƙashi. In riga ce, ku sa kwalin a cikinta, don kada launi ya ratsa zuwa baya.
3. Ku zana abin da kuke so da fensir ko alli, ba tare da dannawa ba.
4. Ku girgiza kwalba. Ku gwada launin a kan ƙyalle irin na tufar. Launi yakan yi haske in ya bushe.
5. Ku shafa da buroshi ko soso, kaɗan-kaɗan. Shafi biyu marasa kauri sun fi guda mai kauri. Ku fara da launi mai haske, ku ƙare da mai duhu.
6. Ku bar ta a inuwa, inda ba ƙura, kwana guda cur.
7. Ku juya ta baya, ku ɗora tsabtataccen ƙyalle, ku goge kowane wuri minti 3 zuwa 5. Kada ku yayyafa ruwa. In dutsen gawayi ne, ku gwada zafinsa a kan ƙyalle tukuna.
8. Ku jira kwana 3 kafin wankin farko. Ku wanke da ruwan sanyi, ba dirza, ba bugu.

In kwalbar ta zo da nata umurni, shi za ku bi. Buroshi kuma a wanke shi nan take, don fentin da ya bushe a kansa ba ya fita.

Ba sai kowa ya iya zane ba. Kuna iya yanka hoton tauraro ko ganye a jikin kwali, ku ɗora, ku dandana launi da soso. Kuna iya sassaƙa ɓawon ƙwarya ko dankali ya zama hatimi, ku riƙa bugawa a jere.

Siliki yana da nasa hali

Siliki yana shan ruwa da sauri. Ɗigo ɗaya na launi yakan bazu kamar mai a kan takarda. Don haka masu zanen siliki ba sa shimfiɗa shi a kan tebur. Suna ɗame shi a kan katako mai kusurwa huɗu, kamar fatar ganga, yadda ba ya taɓa komi a ƙasa.

Sannan sai a yi wa launi shinge. Ana bin layin zane da wani danƙo da ake kira guta. In ba shi, kakin zuma narkakke yana yi. Launi yana tafiya har ya iske shingen, sai ya tsaya. Aikin kamar na fangali ne a garka: in kunya ta ɓalle wuri guda, ruwa ya tsallaka. Saboda haka ku ɗaga tufar ga haske, ku duba ko layin ya haɗe, ya kuma ratsa har baya. Bayan launi ya bushe, ana cire kakin da guga, tsakanin takardu marasa rubutu.

Ga wata dabara. In kun barbaɗa gishiri mai tsakuwa a kan launi tun yana ɗanye, gishirin zai jawo launin, ya bar zane kamar taurari. In ya bushe sai ku kakkaɓe.

Akwai launin siliki da guga ba ta zaunar da shi, sai tururi. Ana naɗe tufar cikin takarda, a turara ta awa 1 zuwa 3, ba tare da ruwa ya taɓa ta ba. Wannan aikin gwanaye ne. Mai koyo ya fara da na guga.

Launin da ke cikin gonakinmu

Siliki yana karɓar launin itace fiye da auduga. Ɓawon albasa, wanda ake zubarwa tuli a Galmi, yana ba da launin rawaya mai duhu. Saiwar rawaya da gangamau suna ba da ruwan ɗorawa, amma na gangamau rana tana kashe shi da wuri. Lalle yana ba da ja-ja. Bagaruwa in ta haɗu da tsatsar ƙarfe tana ba da baƙi. Don launin ya zauna, ana fara jiƙa tufar cikin ruwan ɗumi da alif, wanda ake tace ruwa da shi: giram 10 ga tufa mai nauyin giram 100.

Lafiya ita ce jari

Fentin tufa ba shi da haɗari sosai, amma ba abin sha ba ne. Babban haɗari yana wajen rinin shadda, inda ake haɗa galura da soda da wani farin gari mai wari, hidrosulfit. Soda tana cin fata. In ta shiga ido tana makantarwa. In yaro ya sha, tana ƙona maƙogwaro, daga baya hanyar abinci ta tsuke, ya kasa haɗiye ko da kunu.

Ga abin da ya wajaba:

1. Ku sa safar hannu ta roba mai tsawo. Ku rufe hanci da baki in kuna auna gari. Ku kare ido da tabarau.
2. Ku yi aiki a fili, iska tana bayanku.
3. Soda ake zubawa cikin ruwan sanyi, kaɗan-kaɗan. Ba a zuba ruwa a kan soda, don tana tafasa ta fantsama.
4. Kada ku sa soda cikin tukunyar alminiyam, tana cin ta. Ku yi amfani da bahon roba mai kauri.
5. Kayan rini ba sa komawa madafa. Tukunya, ludayi da bokitin rini, na rini ne kaɗai.
6. Kada ku zuba ruwan soda cikin kwalbar lemo, buta ko kofi. Kamarsa ɗaya da ruwan sha. Ku rubuta suna a jikin mazubi, ku kulle inda yaro ba ya kai.
7. Hidrosulfit a aje shi a busasshen wuri, a rufe. In ya jiƙe yakan yi zafi har ya kama wuta.

In tsautsayi ya faru, kada a tsaya neman magani a gida. In fata ce ko ido, a cire tufar da ta jiƙe, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 20, sannan a tafi likita. In sha aka yi, a kurkure baki. Kada a sa mutum ya yi amai, don sodar za ta sake ƙona shi wajen fitowa. Kada a ɗura masa mai, nono ko lemun tsami. A kai shi likita nan take, tare da mazubin abin da ya sha. Ko da yaro ya yi shiru, a kai shi, don ƙunar tana ciki.

Ina za a zuba ruwan rini?

Duk manomi ya san ƙasa mai kanwa ba ta shuka. Ruwan rini yana da soda da gishiri, haka yake mai da ƙasa. Kada a zuba shi a garka, ko gindin itace, ko tabkin da bisashe ke sha, ko titin da yara ke wasa. A haƙa masa rami na musamman, aƙalla mita 30 daga rijiya, ta gefen gangare. A rufe bakin ramin.

Ku yi lissafi kafin ku yanka kuɗi

Ku buɗe littafi. Ku rubuta kuɗin tufa, na launi, na sabulu, na gawayi, da ladan yininku. Misali, in ɗankwali ya ci muku jika guda, kuka sayar jika da rabi, dala ɗari ce ta rage, kuma a cikinta ladanku yake. Ku manna ƙyallen gwaji a littafin, ku rubuta yawan launin da kuka haɗa. Ran da mai saye ya ce yana son irin na jiya, ba sai kun yi ta lalube ba.

Ku fara da ƙyalle, sannan ɗankwali, sannan zanen mutane. Sannu ba ta hana zuwa. Mai saye yana komawa ne wurin wanda launinsa bai zuba ba. Allah ya ba mu sa'a, ya kare mu da iyalanmu.