Sandar jan mota

A Yamai akwai motoci da yawa, kuma da dama daga cikinsu tsofaffi ne. Sun yi aiki a Turai, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, sannan aka kawo su Nijar. Tsohuwar mota takan mutu a kan hanya. In makaniki ya kasa tada ta a nan, sai a ja ta zuwa garaji.

Mutane da yawa igiya suke ɗaurawa. Igiya tana da araha, amma tana da babban aibi: ja kawai ta iya, ba ta iya tokarewa. In motar gaba ta taka birki, sai igiya ta saki, motar baya ta zo ta buge ta. In ta gaba ta sake tashi, sai igiya ta miƙe da ƙarfi, ta fizgi ta baya ko ta tsinke. Ga kuma wani haɗari. Birkin yawancin motoci yana samun taimako daga inji. In inji ya mutu, birki yakan yi tauri, mota ba ta tsayawa da wuri.

Masu amalanke sun san maganin wannan. Jaki yana tafiya tsakanin sanduna biyu. In ana hawa, sanduna su ja amalanke. In ana gangara, su tokare ta, kada ta bugi ƙafafun jaki. Abin da ake so ga mota ke nan: sanda mai ja, mai tokarewa.

Wane nauyi sanda take ɗauka?

Kafin a yanka ƙarfe, sai an yi lissafi. Mota irin Peugeot 504 nauyinta ya kai wajen kilo 1200. A kan kwalta mai shimfiɗe, in ta soma tafiya, ƙarfin kilo 20 ya isa ya ja ta. Shi ya sa mutum biyu suke iya tura mota. A cikin rairayi kuwa tayoyi suna nutsewa, ƙarfin da ake bukata ya ninka wannan sau da yawa.

Hawa ma yana ƙara aiki. In hanya tana tashi mita 1 a cikin kowace mita 10, sai a ƙara kashi ɗaya cikin goma na nauyin mota, wato kilo 120. In gangara ce, kamar wadda ake yi daga unguwar Filato zuwa bakin kogin Isa, nauyin yana juyawa ya tura motar gaba. In aka taka birki da sauri, turawar tana iya kai rabin nauyin motar baya, wato kilo 600. Saboda haka ba a auna sanda da tafiyar lafiya. Da tsayawar gaggawa ake auna ta.

Yadda ake ƙera ta

A kasuwar Katako ana sayar da tsofaffin ƙarafa, kuma akwai maƙera da masu walda. Mai walda yakan zaɓi bututun ƙarfe mai kauri, wanda tsatsa ba ta ci ba. Bututu ya fi sandar ƙarfe marar rami wuyar lanƙwasawa, in nauyinsu ɗaya ne. Ba a yin sa da tsawo ƙwarai, don dogon kara ya fi gajere saurin lanƙwasawa in an danna shi. Wajen mita ɗaya da rabi ya isa.

Ana iya yin sanda ɗaya tak, da zobe a kowane kai. Amma wadda ta fi ita ce mai ƙafa biyu. Ƙafafun suna haɗuwa a gaba, wurin zobe mai kauri. A baya suna buɗewa, kowace ta kama gefe ɗaya na mota. Ana haɗa su da ƙarfe na uku a tsakani. Haka suke yin siffa mai kusurwa uku.

Don me kusurwa uku? In aka ɗaure kara huɗu kai da kai, aka danna, sai su karkace. In kara uku ne, ba su karkacewa. Saboda haka motar baya ba ta yawo dama da hagu, sawun ta gaba take bi.

Ba a ɗaura sanda a ƙarfen ado na gaban mota, don yana iya cirewa. A jikin shasi ake kama ta, inda ƙarfe ya fi ƙarfi. Kowace ƙafa ana riƙe ta da ƙusa mai kauri, wadda take barin sanda ta yi sama da ƙasa in an shiga rami. Ana huda bakin ƙusa, a sa ƴar waya don kada ta zare. Daga ƙarshe a ƙara sarƙa tsakanin motocin biyu. In walda ta ɓalle, sarƙa ta riƙe.

A kan hanya

Motar da ke ja ta fi wadda ake ja nauyi, in ba haka ba ta baya ta rinjaye ta. A fid da giya, a saki birkin hannu. A murɗa makulli don sitiyari ya buɗe, in yana kulle tayoyi ba su bin kwana. Mota mai canza giya da kanta ba a jan ta nesa da tayoyinta a ƙasa, gara a ɗora ta bisa babbar mota.

Direba ɗaya yana zama a motar baya, ƙafarsa kusa da birki. Ba a ɗaukar fasinja. Ana ɗaura jan ƙyalle a sanda, don kada mai babur ko yaro ya ratsa tsakanin motocin. Wannan ya fi muhimmanci inda ake cunkoso, kamar gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Tafiya kuwa sannu ake yi. In gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota take yi kafin ta tsaya yana ninkawa sau huɗu. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Mene ne sanda take yi wanda igiya ba ta iyawa?
2. Mota mai kilo 900 tana hawan tudu mai tashin mita 1 cikin mita 10. Kilo nawa hawan ya ƙara?
3. Ku ɗaure kara uku, ku ɗaure kara huɗu, ku danna su. Me kuka gani?