Daura bayan Rijiyar Kusugu: Tarihin da ke kwance a Tsohon Birni, Zango da Baure

Duk baƙon da ya sauka Daura da niyyar ganin tarihi, wurare biyu ake kai shi. A tsaya da shi a ƙofar fadar Sarki, daga nan a wuce da shi Rijiyar Kusugu, a zura guga a ɗebo masa ruwa ya kurɓa, a ba shi labarin Bayajidda da macijiya. Kafin la'asar ya kama hanyar Kano ko Katsina yana ganin ya gama da Daura. Ko a watan Yulin 2025, lokacin da idon duniya ya koma garin saboda jana'izar tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari, birnin kaɗai aka haska.

Alhali Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure. Kaso mai yawa na tarihinta ya faru ne a wajen ganuwa, a garuruwa masu shiru waɗanda motar baƙi ba ta cika tsayawa ba. Can ne sarautar ta fara, can kuma gidan da ke mulki a yau ya yi zaman kusan shekara 100 kafin ya dawo gida.

Abin da rijiya ke faɗa

Labarin Kusugu sananne ne a duk ƙasar Hausa. An ce wani baƙo daga Bagadaza, Abuyazidu ko Bayajidda, ya biyo ta Barno, ya tsaya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a, saboda macijiyar da ke cikin rijiya, wadda ake kira Sarki. Ya je ya sare kanta. Sarauniya Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo, kuma ga zuriyarsa ake danganta kafuwar Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan wannan labari. Wasu na ɗaukarsa shaidar zuwan baƙi daga gabas, wasu na ganinsa hanyar da magabata suka bayyana yadda mulki ya tashi daga hannun mata ya koma hannun maza. Ko ta wane ɓangare aka duba, labarin da kansa ya tabbatar da abu guda: Bayajidda ya tarar da gari, da sarauta, da sarauniya a kan karaga. Ke nan tarihin Daura ya girmi zuwansa, kuma mai son ganin mafarinsa sai ya fita daga birni.

Tsohon Birni, gidan sarauniyoyi

A arewa da Daura, tafiyar kimanin kilomita 10, akwai wurin da ake kira Tsohon Birni. Jerin sarakunan da fadar Daura ta adana ya fara ne da sunayen mata masu sarautar Magajiya, ta farkonsu ita ce Kufuru. Bisa abin da aka gada, a Tsohon Birni suka yi mulki ɗaya bayan ɗaya, har zuwa kan Daurama wadda ta tashi da jama'arta ta koma inda birnin yake yanzu, garin kuma ya ci sunanta.

Wanda ya je can da tsammanin ganin dogayen gine-gine zai dawo da sanyin gwiwa, domin magabata da ƙasa suka yi gini, ƙasa kuwa idan aka bar ta ga ruwan sama komawa take inda ta fito. Abin da wurin ke bayarwa shi ne shimfiɗar ƙasar da sarautar ta tsiro a kai, da bakin dattawan da suka gaji labarinta. Sawun wancan zamani kuma bai ɓace daga fada ba. Har yau akwai sarautar Magajiya a Daura, kuma hawan da Sarki ke yi bayan ranar Sallah ana kiransa Hawan Magajiya.

Shekara ɗari a wajen ganuwa

Babin da aka fi mantawa da shi ya fara ne a wajen 1805. A lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Isiyaku, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta, ya ci birnin Daura. Sarkin wancan lokaci, wanda ake kira Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Daga nan zuriyar Malam Isiyaku ta riƙe birnin a ƙarƙashin Daular Sakkwato, su kuwa magadan tsohon gidan suka yi ta sauya mazauni a ƙasar da ke gabas da arewa, ba tare da sun saki sunan Sarkin Daura ba.

Daga wannan gudun hijira masarautu biyu suka fito. Ta farko ita ce Daura ta Zango, wadda ake ɗora farkonta a wajen 1825, ta biyu kuma Daura ta Baure. Wato a ƙarni na 19 akwai Daura guda uku a lokaci ɗaya, kowacce da sarkinta da fadawanta da masu sarautarta. Zango da Baure sun rayu ne a tsakanin manyan ƙarfi biyu: Daular Sakkwato ta kudu, da Damagaram ta arewa, wadda ta yi tashe musamman a zamanin Sarki Tanimu, har ta mai da su ƙarƙashin inuwarta.

Zuwan Turawa ya sake juya al'amarin. Ingila da Faransa suka raba ƙasar a tsakaninsu, aka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908, wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura ya faɗa cikin abin da ya zama Jamhuriyar Nijar. A 'yan shekarun da suka biyo bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawan Ingila suka ɗauko Sarkin Zango Malam Musa suka ɗora shi a kan karagar Daura. Wannan abu ne da ba a saba gani ba, domin a Kano da Zazzau gidajen da jihadi ya kafa ne suka ci gaba da mulki. Bayan Malam Musa, ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sai Sarki na yanzu, Alhaji Umar Faruk Umar.

Saboda haka mai tsayuwa a ƙofar gidan sarautar Zango yana tsaye ne a inda aka riƙe zaren da ya haɗa Daura ta dā da ta yau. Da a ce zaren ya tsinke a can, da jerin sarakunan da ake alfahari da tsawonsa ya tsaya tun farkon ƙarni na 19.

Wani abin lura shi ne, bincike mafi faɗi a kan wannan zamani wani mutumin tsibirin Jamaika ne ya yi shi, M. G. Smith, wanda ya zauna da dattawan masarautar a ƙarshen shekarun 1950. Littafinsa, The Affairs of Daura, ya fito a 1978 da Turanci. Dattawan da ya saurara sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuwa kaɗan ne suka taɓa riƙe littafin a hannu.

Kasuwa, iyaka da gonaki

Ga ɗan kasuwa, ƙauyukan Daura ba baƙin wuri ba ne. Kasuwar Mai'aduwa, mai ci ranar Lahadi, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa, inda shanu da raguna da raƙuma ke shigowa daga Nijar, dillalai kuma su loda su zuwa Kudu. Kusa da ita akwai iyakar Kwangwalam, hanyar da ke bi ta Matamaye zuwa Damagaram. Ta ɓangaren Baure kuma akwai Babban Mutum, mashigar Magarya. Waɗannan hanyoyi sun girmi iyakar kanta. Fatake sun bi su da jakuna da raƙuma tun kafin a san fasfo, kuma har gobe dangi ɗaya ne ke zaune a gefe biyu, ana auratayya ana zumunci. Shi ya sa rufe iyaka da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, ya taɓa kowane gida a yankin.

Tsakanin waɗannan garuruwa ƙasa ce mai jigawa, ta gero da wake da gyaɗa da riɗi, wadda gawo da kuka da goruba suka ƙawata. Gawo yana zubar da ganye da damina ya tofo da rani, don haka manomi ke barinsa a tsakiyar gona: ba ya tare wa shuka rana, ga taki, ga abincin dabbobi. Madatsun ruwa na Sabke da Daberam kuma suna tara masunta da masu noman rani, wurare ne da iyali za su iya yini cikin natsuwa.

Abin da ake gudun rasawa

Daura tana sauyawa da sauri. An kafa Jami'ar Sufuri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Daura ya biyo. Duk wannan alheri ne, amma yana zuwa da tsadar fili. Inda fili ya yi daraja, tsohuwar ganuwa da kufai da makabartar sarakuna su ne farkon abin da ake yankawa fuloti, musamman idan babu allo ko shinge da ke nuna mene ne su.

Wasu wurare sun nuna cewa tsohon gini yana iya ciyar da mutanensa. Tsohon garin Zanzibar ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2000, Agadas ta shiga a 2013, hawan Sallar Kano kuma ya sami irin wannan karramawa a 2024. Kafin a kai ga nan, aikin farko mai sauƙi ne: a auna wuraren, a kafa alluna da Hausa, a naɗi muryoyin dattawa da maroƙan fada, a horar da matasan garuruwan su zama masu yi wa baƙi jagora. Aiki ne na Masarauta da Gwamnatin Jihar Katsina da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, amma attajiran yankin da ma'aikatan da suka fito daga cikinsa ba su da uzurin zama 'yan kallo.

Ga mai niyyar zuwa

Daura tana da nisan kimanin kilomita 80 daga Katsina, da sama da kilomita 100 daga Kano ta hanyar Kazaure. Lokaci mafi daɗin tafiya shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin bazara ya sauka. Mai son ganin hawa da kayan sarauta kuwa sai ya daidaita tafiyarsa da Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal.

Kwana biyu sun isa. Ranar farko a ba birni da Tsohon Birni, ta biyu a nufi Zango da Baure, idan kuma ta faɗo Lahadi a ratsa Mai'aduwa. A riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro kusa da iyaka, a tambayi halin hanya kafin a tashi, a kuma dawo kafin duhu. Mafi muhimmanci, a fara da gaisuwa a gidan hakimi ko dagaci, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, kada kuma a tsinci komai daga kufai. A irin waɗannan garuruwa babu ofishin sayar da tikiti. Zaure ne ƙofar shiga, kuma wanda ya yi sallama ya zauna a tabarma, shi ake ba labarin da ba a rubuta ba.