Iskar da hanci ba ya ji: wa zai kare mai cika gwangwanin feshi?

A kasuwar Gamboru da ke Maiduguri, da wuya ka ratsa layin masu kayan masarufi ba ka ga gwangwanayen feshi jere a kanta ba: maganin sauro, turaren jiki, na ƙamshin ɗaki, har da fentin da masu gyaran Keke Napep ke fesawa. Mai saye farashi da ƙamshi yake dubawa, mai shago kuwa lissafin katan nawa ya rage yake yi. Ba kasafai ake tunawa ba cewa abin da ke ingizo maganin waje idan an danna kan gwangwanin, a mafi yawansu, gas ne irin na girki, wato butan da furofan da aka matse har suka zama ruwa. Kuma kowane gwangwani a nan, akwai ma'aikacin da ya tsaya kusa da inji aka ɗura wa gwangwanin wannan gas. Abin da nake son kafawa shi ne, ran wannan ma'aikaci ya dogara ne a kan yadda aka gina ɗakin da yake aiki da irin injin da aka ba shi, fiye da yadda ya dogara a kan hattararsa. Saboda haka nauyin yana wuyan mai wurin da hukuma kafin ya iso kan lebura.

Ba koyaushe ne ake saka wannan gas ba. Wani injiniya ɗan ƙasar Norwe, Erik Rotheim, ya yi rajistar fasahar gwangwanin feshi a ƙarshen shekarun 1920, sannan a 1941 Amurkawa biyu, Lyle Goodhue da William Sullivan, suka fito da na maganin sauro wanda sojojinsu suka yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Shekaru da dama iskar da ake sakawa ita ce CFC, wadda ba ta kama wuta. Da aka gano tana cinye rufin sararin sama da ke tace zafin hasken rana, sai ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987, aka daina ta sannu a hankali, masana'antu suka koma ga butan da furofan. An yi daidai, amma hatsarin ya sauko ɗakin cikawa.

Wannan gas yana da halaye da ya kamata duk mai hulɗa da shi ya sani. Ya fi iska nauyi, butan ma ya kusa ninka ta biyu, don haka idan ya yi yoyo ba ya tashi ya fice ta taga. Kwanciya yake yi a ƙasa yana malala kamar ruwan sama mai neman gangare, ya taru a kwata, a rami, a ƙarƙashin tebur. Lita ɗaya ta ruwansa tana zama kusan lita 250 ta iska. Kuma ba sai ya cika ɗaki ba: kashi 2 cikin 100 na iskar wurin ya isa ya kama da tartsatsi ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganar wari. Ɗoyin da uwargida ke ji idan tukunyar gas ta yi yoyo, wani sinadari ne da ake ƙarawa da gangan don a ankara. Gas ɗin gwangwanin feshi kuwa tace shi ake yi a raba shi da kowane wari, domin ba wanda zai sayi turaren da ke warin kicin. Ke nan ma'aikaci zai iya tsayawa cikin gas har gwiwa, hancinsa bai gaya masa komai ba. Ka haɗa wannan da yanayin Borno. A hunturu iska kan bushe har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji tsit a yatsa, ko ya cire rigar leda cikin duhu ya ga ƙyalli. Wannan ɗan ƙyallin ya isa ya tada gas. A bazara kuma, watannin Afrilu da Mayu, zafin Maiduguri kan haura digiri 40 a inuwa, alhali an rubuta a jikin gwangwanin kada a bar shi ya kai digiri 50. Ƙarƙashin kwanon rufi da tsakar rana, tazarar ba ta da yawa.

Shi ya sa masana'antar da ta san abin da take yi ba ta jingina ga idon ma'aikaci ko hancinsa. Ana zuba maganin a gwangwani a wuri ɗaya, inji ya ɗora masa bakin feshi ya matse, sannan bel ya fitar da shi zuwa wani ɗaki dabam, a ware daga babban gini, inda ake ɗura gas. Rufin ɗakin ko bango ɗaya ana yin sa sakwa-sakwa da gangan, don idan an sami fashewa ƙarfin ya fita ta can maimakon ya rusa ginin kan mutane. Fankar zuƙe iska a ƙasa take, daidai inda gas ke kwanciya. Akwai na'urar shinshina gas da ke yin ƙara tun yana kusan kashi 20 cikin 100 na adadin da zai kama, idan ya ƙaru kuma ta rufe bututu ta tsayar da inji da kanta. Injinan da matsin iska suke aiki, fitilu da makunnai na musamman ne da ba sa fitar da tartsatsi, kowane ƙarfe an ɗaure shi da waya zuwa ƙasa. Bayan an cika, gwangwanayen kan ratsa kwamin ruwan zafi mai digiri 50 ko sama kaɗan, a bayan kariya, mai yoyo ya nuna kansa da kumfa, mai rauni ya fashe a can maimakon a hannun wani. Kan injin da ke matse baki kuwa zai iya murƙushe yatsa cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ake rufe shi da ƙofar da in an buɗe inji ya tsaya. Duk wanda ya ɗaure makullin wannan ƙofa da waya don aiki ya yi sauri, ya sayar da hannun yaronsa ne da arha.

Wani zai ce to ina ruwan Gamboru, tunda gwangwanayen daga Legas, Ogun ko ƙasashen waje ake kawo su? Ruwanta ya fi yadda ake zato. Gas ɗin nan dai shi ne ake juyawa daga babbar tukunya zuwa ƙarama a shagunan unguwa, kuma nau'insa ne masu gyaran firji ke ɗurawa a firjin zamani. Katan-katan na gwangwanaye suna kwana a rumbunan kasuwa, kuma in wuta ta same su tashi suke yi suna fesa ta nesa, kamar yadda aka gani a 1982 lokacin da babban rumbun kamfanin Kmart a jihar Pennsylvania ta Amurka ya ƙone ƙurmus. Maiduguri gari ne na turare, ƙananan injinan cikawa kuma sun yi sauƙin samu daga Sin, don haka ba abin mamaki ba ne ɗan kasuwa ya yi sha'awar kafa ɗaya a bayan shagonsa. Mun kuma san yadda wuta ke gudu a kasuwanninmu. Kasuwar Monday ta ƙone a ranar 26 ga Fabrairun 2023, ba a yi wata guda ba gobara ta tashi a ta Gamboru. A Sabon Tasha da ke Kaduna, a Janairun 2020, fashewar shagon gas ta kashe mutane, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda ba aikin gas ya kai shi wurin ba. A Sheka ta Kano ma shagon gas ya fashe a 2022, mutane da dama suka jikkata.

Akwai masu cewa gwani ba ya ƙonewa, a ba yaro safar hannu da takunkumi a ja masa kunne shi ke nan. Safar hannu da tabarau suna da amfani, domin ruwan gas yana ƙona fata da tsananin sanyi, takunkumin da ya dace kuma yana rage shaƙar maganin ƙwari. Amma babu ɗayansu da zai hana ɗaki tashi. Gwanin shekara ashirin ma ba zai ga abin da ba a gani ba, kuma ba shi ke iko da janaretan maƙwabci ko kaskon mai ƙosai da ke bakin ƙofa ba. Masu cewa abin da Allah ya rubuta sai ya faru kuwa, malamanmu sun sha bayyana cewa tawakkali bai hana ɗaukar sababi ba. Abin lura, wanda ke fakewa da ƙaddara galibi ba shi ke tsayawa gaban injin ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi. Maiduguri, garin da ya sha fama da rikici, ambaliyar Satumban 2024 ta ƙara durƙusar da 'yan kasuwarsa, yana bukatar kowace sana'a, kuma kayan kariya da dala ake sayensu. Wannan gaskiya ne. Sai dai wasu matakan ba sa cin komai: a ajiye katan a inuwa nesa da wuta, a sa tufafin auduga, a hana sigari da waya a wurin juya gas, a yi aikin a fili mai iska, a daina huda tsohon gwangwani ko jefa shi a wutar bola. Sauran kuwa, na'urar shinshina gas da ɗakin da aka ware, cikin jarin sana'ar suke. Wanda ƙarfinsa bai kai nan ba, akwai turaren kwalba mai famfo da ba ya bukatar gas ko kaɗan, ya yi wannan. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai wuri killace sassan inji masu hatsari, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora masa biyan kashi 1 cikin 100 na albashi ga asusun NSITF. Abin da ya rage shi ne a aiwatar. Ina kira ga shugabannin kasuwar Gamboru, hukumar kashe gobara ta jihar Borno, NAFDAC da hukumar kula da man fetur da gas, NMDPRA, su zagaya rumfa-rumfa su san inda ake juya gas da inda ake tara gwangwanaye, kuma kada a bar kowa ya kafa injin ɗura gas a cikin kasuwa ko tsakiyar gidaje.