Koyar da Turanci a makarantun Illela

Koyar da Turanci a makarantun Illela ya ƙunshi hanyoyi da dabarun da malamai ke bi wajen koya wa yara harshen Ingilishi a ƙaramar hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, wadda ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, daura da Birnin Ƙonni. A mazaɓun ƙaramar hukumar, irin su Darna Sabon Gari da Kalmalo da Araba, Hausa ce harshen gida da kasuwa, saboda haka yawancin yara ba sa haɗuwa da Turanci sai a cikin aji. Duk da haka, da Turanci ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO, kuma ɗalibin da bai samu kiredit a darasin Turanci ba, ba ya samun gurbin shiga jami'a.

Tarihi

Makarantar boko da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa. Turanci ya samu babban matsayi ne a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 domin horar da malamai. Cikin ɗalibanta akwai Ahmadu Bello, wanda ya kammala a 1931 ya koma Sakkwato yana koyarwa a makarantar Midil. Shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 ya kai makarantu ƙauyuka, amma ɗalibai sun ƙaru da saurin da ya wuce na samar da ƙwararrun malamai.

Manufar gwamnati kan harshen koyarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa. Bisa tsarin, daga aji ɗaya zuwa uku na firamare Turanci darasi ne kawai, daga aji huɗu kuma sai ya zama harshen koyar da sauran darussa. A watan Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita amfani da harshen uwa zuwa shekara shida. A watan Nuwamba 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa da mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga farko.

A tsallaken iyaka lamarin ya bambanta. Faransanci ne babban harshen makaranta a Nijar, ana fara darasin Turanci ne a sakandare. Wannan ya sa kalmomin aro na ɓangarorin biyu suka sha bamban: a Ƙonni ana jin lakwal da mushe, inda a Illela ake cewa makaranta da malam ko tica.

Inda Hausa da Turanci suka saɓa

Yawancin kurakuran ɗalibai suna da tushe a tsarin harshensu na farko, kuma malamin da ya san tushen ya fi saurin gyara su.

Hausa ba ta bambanta sautin p da f, ba ta kuma da v. Shi ya sa ɗalibi kan furta pan da fan iri ɗaya. A karin harshen Sakkwatanci, inda ake cewa hwari da tahi maimakon fari da tafi, sautin f na Turanci kansa yana buƙatar atisaye. Sautukan da ake rubutawa da th sukan koma s ko z.

Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka mai magana kan saƙa wasali a tsakani, kamar yadda ake gani a burodi da direba da firamare. Hausa na da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, da tagwan wasula biyu, ai da au, alhali Turancin Ingila na da sautukan wasali kusan 20.

Rubutun Hausa kusan kowane harafi da sautinsa guda, na Turanci kuwa ba haka ba. Harafin c da yaro ya sani a ciki da cokali, a Turanci yakan zama k ko s. A nahawu kuma kowane suna tilo a Hausa na da jinsi, don haka ɗalibi kan kira mota she, domin a harshensa ita ce.

Hanyoyin koyarwa

Hanyar nahawu da fassara ita ce mafi daɗewa. Malami ya rubuta ƙa'ida a allo, ya fassara, ɗalibai su kwafa. Tana taimakawa a tambayoyin nahawu na jarrabawa, amma ba ta ba ɗalibi damar buɗe baki.

Hanyar ji da maimaitawa ta bunƙasa a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Malami ya faɗi jimla, aji ya amsa baki ɗaya. Ta yi daidai da aji mai cunkoso da ƙarancin littattafai, kuma yaran da suka saba da hadda a makarantar allo ba sa shan wahalarta. Matsalarta ita ce amshin taro yana ɓoye wanda bai gane ba: yaro na iya rera shafi guda da ka, amma a nuna masa kalma ɗaya a tsakiya ya kasa karantawa.

Hanyar kai tsaye tana hana amfani da harshen uwa, ana nuna ma'ana da hoto da alama da kayan zahiri. Daga irin wannan tunani ne al'adar hukunta ɗalibi don ya yi Hausa a makaranta ta samu gindin zama, abin da kan sa yara su zaɓi yin shiru.

Hanyar sadarwa, wadda ta yaɗu daga shekarun 1970, tana sa ɗalibai amfani da harshen a kan buƙata ta gaske, misali biyu-biyu su kwaikwayi cinikin albasa a kasuwa ko tambayar hanya a tasha. Tana buƙatar malamin da shi kansa ya iya magana da Turanci sosai.

Hanyar sauti tana koyar da alaƙar harafi da sauti kafin haɗa kalma. Tsarin Jolly Phonics, mai sautuka 42, ya shiga makarantun gwamnati a jihohin Najeriya da dama.

A aikace malamai da yawa gauraya harsunan suke yi, su karanta da Turanci su yi bayani da Hausa. Masana na bambanta gaurayar da aka tsara, inda Hausa ke buɗe ma'ana sannan a koma atisaye da Turanci, da wadda malami ke fassara kowace jimla, har ɗalibai su daina sauraron Turancin suna jiran fassara.

Shirin Mu Karanta

Daga 2015 hukumar USAID ta Amurka ta tallafa wa jihohin Sakkwato da Bauchi da wani shirin karatun ƙananan azuzuwa. An samar da littattafan Mu Karanta! na Hausa domin aji ɗaya zuwa uku, da Let's Read! na Turanci domin aji biyu da uku, tare da jagoran malami. Darasin na tafiya mataki uku: malami ya yi, ya yi tare da ɗalibai, sannan ɗalibi ya yi shi kaɗai. Mataki na uku ne ke nuna wa malami wanda ya iya da wanda ke bin amshi.

Muhawara

Masu goyon bayan farawa da Turanci na cewa yaron karkara ba shi da inda zai ji harshen sai aji, don haka jinkiri na ƙara masa tazara da 'yan makarantun kuɗi. Ministan ya kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Masana harshe da dama sun soki matakin, suna cewa tun asali ba a aiwatar da manufar harshen uwa da isassun malamai da littattafai ba.

Sukan kawo gwajin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci na matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Masanin ilimin harsuna biyu Jim Cummins ya nuna cewa ƙwarewar karatu a harshen farko na ƙetarawa zuwa na biyu, kuma Turancin hira kan samu cikin kimanin shekara biyu, amma na karatun littafi kan ɗauki biyar zuwa bakwai. A wannan mahanga, yaron Darna da ya iya karanta Hausa ya riga ya san cewa harafi na wakiltar sauti, abin da ya rage masa shi ne sabbin sautuka da kalmomi. Ɓangarorin biyu sun yarda cewa kowane harshe aka zaɓa, sakamakon ya dogara ne da horon malami, da littafi a hannun kowane yaro, da damar da yake samu ta yin magana a cikin aji.