Yadda Masu Haƙar Burtsatse Suka Taya Masana Binciken Ɗumin Ƙasa

Kowa ya san ruwan randar da aka binne a ƙasa ya fi na bokiti sanyi da rana. Dalili kuwa, in aka nutsa 'yan mitoci a cikin ƙasa, yanayinta ba ya cika canzawa, ko da bazara ko da hunturu. A kan wannan ne masana a ƙasar Amurka suka gina hanyar ɗumama gidaje da sanyaya su, amma da masana kaɗai aka bar wa aikin, da bai fita daga makaranta ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ana maganar ruwan ɗumi mai ɓuɓɓugowa ne irin na Wikki a Yankari. A'a. Rami ake haƙawa kamar na burtsatse, a zura bututun roba mai lanƙwasa ya sauka ya dawo, ruwa yana zagayawa a ciki. A cikin gida akwai na'ura mai aiki kamar firiji. Da ɗari sai ta jawo ɗumin ƙasa zuwa ɗaki, da zafi kuma ta kwashe zafin ɗaki ta zuba wa ƙasa. Ba ta ƙona komai, ɗaukar zafi kawai take yi daga nan zuwa can, shi ya sa ba ta shan lantarki sosai.

Tun shekarun 1970 Farfesa Jim Bose na Jami'ar Jihar Oklahoma yake wannan bincike. A 1987 aka kafa ƙungiyar IGSHPA a jami'ar, wadda ta haɗa malamai da masu ƙera na'urori da 'yan kwangila, ta kuma shiga horar da masu girka kayan. Haɗin ya zama dole, domin malami zai iya lissafa tsawon bututu a takarda, amma mai haƙa ne ya san inda yashi ke zubowa cikin rami, da inda dutse ke cinye bakin inji. Shi ne kuma yake cike ramin da kwaɓaɓɓen yumɓu bayan an zura bututu. In ya yi ha'inci ya bar gurbi, zafi ba zai ratsa yadda ya kamata ba, lissafin malam ya tashi a banza, kuma ba mai gani tunda abin yana binne.

Babban gwaji ya zo ne a barikin soja na Fort Polk a Jihar Luwiziyana, daga 1995 zuwa 1996. Gidajen iyalan soja 4,003 aka sabunta. Kamfanin Co-Energy ne ya karɓi aikin, ya nemo kuɗin da kansa, kusan dala miliyan 19, bisa yarjejeniyar shekara 20 cewa za a riƙa biyansa daga rarar kuɗin wuta. Wato in wuta ba ta ragu ba, shi ya yi asara. Ramukan da aka haƙa sun haura 8,000, aikin da ya fi ƙarfin inji ɗaya ko biyu, don haka aka raba shi ga kamfanonin haƙa dabam-dabam.

Ba a tsaya ga ramuka ba. An shimfiɗa abin tare zafi a saman silin na gidajen da ke bukata, an sa ƙwayayen lantarki marasa shan wuta, an canza kawunan famfon wanka zuwa masu rage ɓarnar ruwa. Waɗannan ƙananan ayyuka ne da ba a cika yabon mai yinsu ba, amma sanyaya ɗakin da rufinsa ke zubo zafi tamkar ɗiban ruwa ne da kwando. Maginanmu na dā da suke yin soro mai kaurin bango sun riga sun gane haka.

Masanan cibiyar bincike ta Oak Ridge sun auna wutar da gidajen ke sha kafin aikin da bayansa. Sun tarar lantarki ya ragu da kashi 33 cikin 100, wato kimanin kilowat-awa miliyan 26 a shekara, an kuma daina amfani da gas a gidajen. Luwiziyana ƙasar zafi ce da gumi, saboda haka yawancin aikin na'urorin sanyayawa ne, abin da ya fi kusa da halinmu.

A ganina, abin da ya fi wannan adadi amfani shi ne abin da ya biyo baya. Masanan sun ɗauki awon da aka samu a barikin suka gwada shi da manhajojin kwamfuta da ake lissafa zurfin rami da su, sai ga amsoshin sun sha bamban ƙwarai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan kwangila. Rami ya gaza, ƙasa ta ɗau zafi shekara bayan shekara har na'ura ta kasa aiki. Rami ya zarce, an binne kuɗin mai gida a banza, tunda haƙa na cikin abin da ya fi cin kuɗi.

A tsakiyar shekarun 1990 ɗin ne kuma aka ƙera na'urar gwaji da ake ja da mota, a Oklahoma da kuma Jami'ar Lulea ta ƙasar Suwidin. Ana fara haƙa rami ɗaya, a tura masa ruwan zafi na kwana biyu ko uku, a ga saurin da ƙasar wurin ke shanye zafin, sannan a yanke yawan ramukan da za a haƙa. Yau 'yan kwangila ne da kansu suke yin wannan gwaji kafin babban aiki.