Baƙar Ƙasar Fadama: Ajiyar da Ruwa Ya Bar Mana

Uwargida, shinkafar da kike girkawa a Birnin Kebbi ko Argungu daga baƙar ƙasar fadamar Gulbin Rima ta fito. Wannan baƙin yana da dalili. Duk damina gulbi yakan cika ya malala, ya shimfiɗa laka, ya danne burugu da bado da ganyen giyayya. Ganyen da ya nutse a ruwa ba ya samun iska, don haka a hankali yake ruɓewa, ya gauraya da laka ya zama taki.

Inda ruwa ba ya janyewa sam, ganyen yakan taru ne kawai, wani kan wani. Haka abin yake a dazuzzukan fadama na Kwango. A 2017 masana suka bayyana cewa ƙasar ruɓaɓɓen ganye a can ta mamaye murabba'in kilomita kusan 145,000, kuma ta haura shekara 10,000 tana taruwa. Tamu fadamar takan bushe da rani, shi ya sa laka ta fi yawa a cikinta, takin kuma bai kai na can kauri ba. Abin da ba shi da yawa kuwa, shi ake tattali.

Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana adana tarihi. Masu bincike sukan haƙo ta su duba ƙurar furannin da ta maƙale a ciki, su gane irin itatuwan da suka taɓa rayuwa a wurin. Irin wannan bincike a tafkin Tilla kusa da Biu ya nuna cewa Arewa ta fi yanzu ruwa da itatuwa shekaru dubbai da suka wuce. A Dufuna ta Jihar Yobe ma, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwalen da ya kai shekara 8,000 a binne.

Yau fadamar Rima tana canzawa. Madatsun Bakolori da Goronyo sun sauya yadda ruwa ke malala. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, noman rani ya bunƙasa, ana ta share sabbin gonaki. Alheri ne, amma bayan girbi da yawa sukan cinna wa bambaro wuta, abincin ƙasa ya tashi a hayaƙi.

A matsayina ta ma'aikaciyar jinya, hayaƙin nan ne ya fi damuna. Yaro ya fi babba saurin numfashi, huhunsa kuma bai gama ƙwari ba. Idan ana ƙona gona, ki nisantar da jariri da mai asma. In kin ga yaro yana haki ko ƙirjinsa yana lotsawa, ki garzaya da shi asibiti.

Ki kuma yi wa maigida magana cikin hikima: a bar bambaro ya ruɓe a gona, ko a ba dabbobi a mayar da kashinsu. Itatuwan bakin gulbi a rage sara, domin saiwoyinsu ke riƙe gaɓa idan ambaliya ta zo irin ta 2020. Shinkafar da 'ya'yanmu za su noma da kifin da za su kama a Matan Fada, duk a wannan fadama suke.