Sanƙarau: sirrin ƙwayar cutar yana cikin rigarta

Duk shekara, daga Disamba zuwa Yuni, lokacin da iskar hunturu da ƙura suka bushe maƙogwaro, sanƙarau yakan dawo Nijar. Iyaye da dama na tambaya: yaron da aka yi wa rigakafi, me ya sa zai iya kamuwa? Amsar tana jikin ƙwayar cutar kanta.

Bakteriya, wadda masu Faransanci ke sawa cikin jerin mikrob, halitta ce mai ɗaki guda. Da yawa daga cikinsu faɗinsu bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Duk da ƙanƙantarta, tana da kayan kare kai.

Na farko shi ne bango mai tauri da ke hana ta fashewa. Maganin penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, wannan bangon yake hana ginawa, ƙwayar ta fashe ta mutu. Jikin ɗan Adam ba shi da irin wannan bango, shi ya sa maganin ke kashe ta ya bar mu. Virus ma ba shi da shi, don haka shan antibiyotik saboda mura ɓarnar kuɗi ce.

Na biyu shi ne riga mai santsi, ta wani nau'in sukari, da ke lulluɓe bangon. Ita ce ke hana sojojin jini kama ƙwayar sanƙarau. Rigar kuma iri-iri ce: A, B, C, W, X da Y su ne suka fi haddasa cutar. Allurar rigakafi tana koya wa jiki gane rigar da aka shirya ta dominta kawai. Allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010 ta kusan kawar da nau'in A. Amma a 2015 nau'in C ya ɓarke, ya fi tsanani a Yamai da Doso. Dalili ke nan da ake kai ruwan ƙashin bayan marasa lafiya cibiyar bincike ta CERMES a Yamai, a tantance rigar kafin a zaɓi allura. Sabuwar allurar Men5CV ta haɗa A, C, W, X da Y.

Akwai sauran dabaru. Ƙwayar sanƙarau tana da ƴan gashi da take maƙalewa da su a bayan hanci. Ta kwalara, mai sa amai da zawo, tana da wutsiya guda da take iyo da ita. Ta tetanos kuwa, idan wuri ya yi mata tsanani, sai ta dunƙule cikin ɓawo mai jure zafi da fari, ta yi shekaru cikin ƙasa tana jiran rauni. Tafasa ruwa ba kullum yake kashe ta ba, shi ya sa asibitoci ke turara kayan aiki a zafin digiri 121.

Ga iyaye, abin riƙewa shi ne: allurar da aka yi da ba ta hana karɓar sabuwa. Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sanƙarewar wuya, a garzaya da shi CSI mafi kusa a ranar, kar a tsaya ga maganin bakin titi. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana guda.